Bindigar Da Ta Cije A Hamadar Sudan

 Na san wata za ta ce, yau kuma marubuciyar soyayya ce da zancen bindiga? Ki yi haƙuri ki biyo ni. Ina ɗinka wa yara kayan sallah ne keke ya cije mini, zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin allura, ga dare ya tsala. Ƙafar keken lafiya lau, tebur lafiya lau, kan ne ya ƙi. Ina zaune na zuba tagumi sai na tuna labarin wata bindigar Turawa da na taɓa karantawa, wadda ita ma ta yi wa masu ita irin wannan tsiyar, sai dai su ba kayan sallah suka rasa ba.

Sunanta Martini-Henry, sojan Ingila suka karɓe ta a 1871. Ita ma kamar keke take, ƙotarta katako ce kawai, aikin duk yana sama, wato bututun da harsashi yake bi da ɗakin da ake zura shi. Mutum biyu suka haɗu a sunan. Martini, mutumin Suwizalan, shi ya gyara ƙarfen da ke buɗe ɗakin harsashi ya rufe. Henry kuwa maƙeri ne a Edinbara ta Sukotilan, shi ya tsaga cikin bututun da wani zane mai murɗawa, don harsashi ya fita yana juyi kamar mazari, ya tafi a miƙe.

Maganar gaskiya, ƙira ta ƙeru. Ba irin harba-ka-ruga ta maharbanmu ba ce da ake ɗura wa albarushi ta baki. Wannan, soja ya ja mariƙi ƙasa, ɗaki ya buɗe, ya zura harsashi ɗaya, ya mayar, shi ke nan. Gwani yakan yi harbi 12 a minti guda. Harsashin dalma ne jibgege, nauyinsa ya kai giram 31, kuma daga yadi 400 yana iya kayar da mutum. Ga ta da naushi, tana barin kafaɗar mai harbi da kumburi. A Janairun 1879, a wani wuri da ake kira Rorke's Drift can Afirka ta Kudu, sojoji wajen 150 suka kwana suna kare kansu da ita daga dubban mayaƙan Zulu, har bututu ya yi zafin da ba ya taɓuwa.

To ina aibin yake? A kwanson harsashi, 'yar'uwa. Da siririn fallen tagulla aka naɗe shi, kamar yadda kike naɗe tabarma, aka liƙa masa gindin ƙarfe. Shi kuma albarushin wancan zamani baƙi ne, yana barin dauɗa kamar gindin tukunyar da aka ɗora a kan ɗanyen itace. In harbi ya yi yawa ɗaki ya ɗau zafi, dauɗa ta taru, sai kwanson ya manne. Soja ya ja mariƙi, 'yar ƙugiyar da ke zaro kwanso ta fizgo gindin kaɗai ta bar sauran a ciki. Sai ka ga ƙato yana ƙwaƙular bindiga da wuƙa, abokin gaba kuwa ga shi nan tafe da mashi.

Inda abin ya fi tona asirinsu shi ne Sudan, ƙasar da kakanninmu suka riƙa ratsawa a ƙafa zuwa aikin Hajji. Mutanen Mahadi sun kewaye Janar Gordon a Khartum, Ingila ta turo runduna ta ceto shi. Ranar 17 ga Janairu 1885, a rijiyoyin Abu Kilea, sojoji wajen 1,400 suka yi sahu mai kusurwa huɗu, raƙuma a tsakiya. Ga zafi, ga rairayi mai shiga ko'ina, wadda ta taɓa yin shara da hunturu ta san abin da nake nufi. Bindigogi da dama suka cije, har babbar mai aman wuta da ake kira Gardner ita ma ta tsaya cak. Mutanen Mahadi suka fasa sahun suka shiga ciki. Da aka koma sara da suka, banatin wasu sojojin ya lanƙwashe, don ƙarfen ba na kirki ba ne.

Karon bai wuce minti 15 ba. Turawa suka yi nasara da ƙyar, sun rasa mutum sama da 70, Mahadi ya rasa kusan 1,100. Kullum in na zo kan wannan lissafi sai jikina ya yi sanyi, don kowane ɗaya ɗan wata ne, mijin wata ne. Khartum ta faɗi ranar 26 ga watan, aka kashe Gordon, jiragen ruwan masu ceto suka iso bayan kwana biyu. Ban ce bindiga ce ta jawo lattin ba, tun farko rundunar ba ta taso da wuri ba.

Abin da ya ba ni haushi, ba a Sudan aka fara kuka da kwanson nan ba, sojoji sun koka tun yaƙin Zulu. Amma naɗaɗɗen ya fi arha, sai aka yi ta jan ƙafa. Sai a 1885, bayan ƙorafi ya cika Landan, aka koma yin kwanso da tagulla dunƙule guda wanda ba ya yagewa. A 1887 aka fito da sabon samfuri mai dogon mariƙi, don a sami ƙarfin fizgo kwanso. Gyaran ya yi, sai dai ya zo a makare, domin a 1888 sojan Ingila suka karɓi Lee-Metford mai cin harsashi takwas a ɗura ɗaya. Tsofaffin kuwa aka riƙa miƙa su ga sojoji da 'yan sandan ƙasashen da suke mulka.