Sanyi, Ɗauri da Motsi: Tarihin Yadda Ake Jinyar Targaɗe

Idan ka taɓa yin targaɗe a filin ƙwallo a Ƙanƙara, ko babur ya kayar da kai a hanyar Faskari, ka san shawarwari biyun da ake bayarwa. Tsohuwa za ta ce a kawo ruwan zafi da tsumma a gasa wurin. Matashin da ya yi karatun lafiya kuma zai ce a'a, a sa ƙanƙara a ɗaure. To, daga ina shawara ta biyu ta fito?

Sanyaya rauni ba yau aka fara ba. A yaƙin Eylau na 1807, likitan sojojin Napoleon, Dominique Larrey, ya lura cewa waɗanda suka daɗe kwance cikin tsananin sanyi ba sa jin zafi sosai idan ana yanke musu gaɓa. Amma sai a 1978 wani likitan wasanni a Amurka, Gabe Mirkin, ya tsara ƙa'idar da ta game duniya: hutu, ƙanƙara, ɗauri, da ɗaga gaɓar sama. A 2014 shi da kansa ya janye wani ɓangare na maganarsa. Dalili kuwa, kumburi hanya ce da jiki ke tura ƙwayoyin gyara zuwa wurin ciwo. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, ya rage raɗaɗi, amma idan ya yi yawa yana iya jinkirta warkewa. Haka ma dogon kwanciya.

Shi kuwa ɗauri yana da wani tarihin daban. A 1966 wani matashi ɗan Japan, Yoshiaki Sato, ya daɗe durƙushe a wurin ibada har ƙafarsa ta yi tsami kamar wanda ya ɗaga ƙarfe. Daga nan ya soma gwada matse saman hannu ko cinya yayin motsa jiki, ya sa wa dabarar suna Kaatsu. A 1973 ya karye a wasan zamiya kan ƙanƙara, ya gwada ta a kansa. Yau bincike ya nuna cewa idan aka rage gudun jini da awo, nauyin da bai wuce kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na iyakar ƙarfinka ba zai iya gina tsoka. Akwai ma injuna irin su Vasper da suka haɗa matsi da sanyi da motsi mara wahala.

A nan ne ya kamata ka yi hattara. Matsin da likitan gashi ke yi da na'urar awo na 'yan mintoci ne, kuma ba ya tsayar da jini gaba ɗaya. Ɗaurin karare da ake tamkewa a bar shi kwanaki wani abu ne daban. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, yana da nisa ga mutumin Sabuwa, ga kuma rashin tsaron hanya, shi ya sa mai ɗori ne na farko da ake nema. Sai dai ɗaurin da ya yi tsanani yana kashe nama, kuma yana cikin sanannun dalilan yanke hannu da ƙafa a Najeriya.

Saboda haka, idan yatsu suka yi sanyi, suka yi duhu, suka daina ji, ko ciwo ya riƙa ƙaruwa, a sassauta ɗauri nan take a nufi asibiti. Mai sikila, ko hawan jini, ko wanda jini ya taɓa daskare masa a jijiya, kada ya gwada motsa jiki da matsi. Idan babu wuta balle ƙanƙara, tsumma da ruwan randa na minti 10 zai ɗan rage raɗaɗi. In an tabbatar babu karaya, ka soma motsa gaɓar a hankali da zarar ciwon ya lafa.