Rautar gida

Rauta na'ura ce da ke raba layin intanet guda ɗaya ga na'urori da yawa, kamar wayar salula da kwamfuta da talabijin. An aro sunan ne daga Turanci, inda ya samo asali daga kalmar da ke nufin hanya, domin aikinta shi ne zaɓa wa kowane saƙo hanyar da zai bi. Mutane da yawa na kiranta Wi-Fi kawai, amma Wi-Fi ɗaya ce daga cikin hanyoyin da take haɗa na'urori, ɗayar kuma ita ce kebul. Duk abin da ya shiga ko ya fita daga na'urorin gida ta cikinta yake wucewa, saboda haka ingancin intanet ɗin gida da tsaronsa sun dogara ƙwarai ga yadda aka saita ta.

Tarihi

Ana danganta asalin rauta da wata na'ura mai suna IMP, wadda kamfanin Bolt Beranek and Newman ya haɗa wa ARPANET a Amurka a shekarar 1969. Kamfanin Cisco, wanda Leonard Bosack da Sandy Lerner suka kafa a 1984, yana cikin waɗanda suka fara sayar da rauta ga jami'o'i da kamfanoni. A 1997 hukumar IEEE ta fitar da ƙa'idar 802.11 ta sadarwa marar waya, mai gudun megabit 2 a daƙiƙa. A 1999 aka samu 802.11b mai gudun megabit 11, kuma a shekarar ce sunan Wi-Fi ya fito. Daga nan ƙananan rautoci masu sauƙin kuɗi suka fara shiga gidaje.

Bambancin rauta da modem

Modem ne ke karɓo intanet daga kamfanin sadarwa, ita kuwa rauta rarraba shi take yi. A gidajen da aka ja wa kebul ko faiba, sukan zo a matsayin na'urori biyu ko kuma a haɗe cikin akwati ɗaya. A Najeriya da Nijar an fi sabawa da rauta mai cin sim, wadda modem ɗinta ke ciki, tana kama 4G ko 5G kamar yadda waya ke yi. Akwai ƙaramarta mai batir da ake kira MiFi, wadda ake iya sawa a aljihu. Akwai kuma wadda ke zuwa da farantin tauraron ɗan'adam, irin ta Starlink da ta fara aiki a Najeriya a farkon 2023.

Yadda take aiki

Bayanai ba sa tafiya a dunƙule a intanet. Ana karkasa su ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi ɗauke da adireshin inda za shi, wanda ake kira adireshin IP. Kamfanin sadarwa yakan ba gida adireshi ɗaya ne tak. Ita rauta sai ta ba kowace na'urar gida adireshin cikin gida, galibi mai farawa da 192.168, ta tsarin da ake kira DHCP. Idan waya ta nemi wani shafi, rauta kan aika buƙatar da adireshin gidan, ta riƙe lissafin wanda ya nema, amsa na dawowa ta miƙa masa. Wannan tsari shi ake kira NAT, kuma ya yaɗu ne saboda adiresoshin IPv4 ba su wuce kimanin biliyan 4.3 ba, adadin da ya yi wa na'urorin duniya kaɗan.

Yawancin rautoci na watsa Wi-Fi a zango biyu. Zangon 2.4 GHz ya fi nisa kuma ya fi ratsa bango, sai dai ya fi cunkoso. Na 5 GHz ya fi gudu amma ba ya nisa.

Saita sabuwar rauta

Matakan kan ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma galibi haka suke:

1. A zaɓi wuri a tsakiyar gida, a sama, a fili. Katangar siminti da ƙofar ƙarfe da madubi suna rage ƙarfin Wi-Fi. Mai cin sim ta fi son kusa da taga.
2. A saka sim tana kashe. Idan kuma da modem daban, a jona kebul ɗinsa a kafar da aka rubuta wa WAN. Kafofin LAN na kwamfuta ne da sauran na'urorin gida.
3. A jona ta da wuta da cajar da ta zo da ita, a jira minti ɗaya ko biyu har fitilunta su tsaya.
4. A duba takardar da ke manne a ƙasanta ko bayanta. A nan aka rubuta sunan Wi-Fi ɗin, wato SSID, da kalmar sirrinsa. Da su ake haɗa waya ko kwamfuta a karon farko.
5. A buɗe burauza a rubuta adireshin rautar, wanda sau da yawa 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Shafin gudanarwa zai bayyana. Wasu rautocin da manhajar waya ake saita su.
6. A canza kalmomin sirri da sunan Wi-Fi, a adana. Bayan haka duk na'urori za su yanke, sai an sake haɗa su da sabuwar kalma.

Kalmomin sirri biyu

Masu fara amfani da rauta kan ɗauka kalmar sirri ɗaya take da ita, alhali biyu ne. Ta farko ita ce ta Wi-Fi, wadda ake ba 'yan gida da baƙi. Ta biyu ita ce ta shafin gudanarwa, kuma ita ta fi muhimmanci, domin wanda ya mallake ta yana iya canza komai, har ya karkatar da masu amfani zuwa shafukan bogi na satar bayanan banki. A rautoci da dama wannan kalma tana zuwa ne a matsayin "admin", kuma an san haka a ko'ina. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye ɗimbin rautoci da kyamarori ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomi na kamfani, aka yi amfani da su wajen kai harin da ya hana mutane da yawa shiga Twitter da Netflix a watan Oktoban shekarar.

Sauran matakan tsaro

Tsarin kulle Wi-Fi na farko, WEP, an daɗe da gano yadda ake karya shi. WPA ya maye gurbinsa a 2003, WPA2 ya biyo baya a 2004, sai WPA3 a 2018. Ana son a zaɓi WPA3 ko WPA2. Kalmar sirrin WPA2 na ɗaukar haruffa 8 zuwa 63, kuma doguwa ta fi wuyar karyawa. Lambar waya ko sunan mai gida suna da sauƙin cinka. Haka nan ana ba da shawarar kashe WPS, saboda raunin da aka bayyana a lambobinsa a 2011, da sabunta manhajar rautar duk lokacin da kamfani ya fitar da gyara. Rautoci da yawa na da sashen Wi-Fi na baƙi, wanda ke ba su intanet ba tare da sun kai ga na'urorin gida ba.

Matsalolin da aka fi fuskanta

Idan Wi-Fi ya haɗu amma shafi bai buɗe ba, sau da yawa matsalar daga waje take, ko data ta ƙare ko sabis ya ɗauke. Kashe rautar a sake kunna ta bayan kamar daƙiƙa 30 yana warware matsaloli da dama. Idan data na saurin ƙarewa, shafin gudanarwa na nuna jerin na'urorin da ke haɗe, kuma canza kalmar Wi-Fi na korar wanda ba a sani ba. Wanda ya manta kalmar gudanarwa zai iya danne ɗan maɓallin sake saiti da tsinke na kimanin daƙiƙa 10, amma hakan na goge duk saitin da aka yi, ya mayar da kalmomin kamfani. A wuraren da ake yawan ɗauke wuta, ana haɗa rauta da ƙaramin batirin ajiya, tunda yawancinsu bolt 12 suke amfani da shi kuma ba su da cin wuta.