Yadda za ka tsare Wi-Fi ɗin gidanka daga masu kutse

A garuruwa irin su Birnin Kudu da Gwaram da ke kudancin Jihar Jigawa, intanet ɗin gida galibi ta turakun kamfanonin waya yake zuwa. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa yakan sayi rauta, wato na'urar da kamfanoni irin su MTN da Airtel ke sayarwa haɗe da layinsu, ya jona ta da wuta, iyali su hau.

Matsalar ita ce, da yawa sukan bar na'urar kamar yadda ta fito daga kwali. Hausawa kuwa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Makullai biyu ne

Kowace rauta tana da kalmomin sirri biyu. Ta farko ita ce ta hawa Wi-Fi. Ta biyu ita ce ta shafin sarrafa na'urar, wanda ake buɗewa ta hanyar rubuta adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1 a manhajar shiga intanet. Dukansu akan rubuta su a 'yar takardar da ke manne a jikin na'urar, inda duk baƙon da ya zauna a falo zai iya karantawa.

Ta biyun ce ta fi haɗari, domin a na'urori da dama “admin” ce kawai. A shekarar 2016, wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan na'urori a duniya ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomi na kamfani kusan 60.

Don haka ka sauya duka biyun, kada kuma su zama iri ɗaya. Kowacce ta kai haruffa da lambobi 12 ko fiye. Ka guji lambar wayarka, sunan ɗanka ko na shagonka, domin su maƙwabci zai fara gwadawa.

Layin da ke ciki

Asarar ba ta tsaya ga data ba. Tun Disambar 2020 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN. Ke nan idan wani ya yi damfara ta intanet ɗinka, sunanka bincike zai fara cin karo da shi.

Haka kuma, a yawancin rautoci masu layi ana iya karanta saƙonnin tes daga shafin sarrafawa. Saboda haka kada ka sa layin da banki ke turo maka lambobin tantancewa a cikinta. Wannan ya fi shafar masu sana'ar POS da 'yan kasuwar da ke karɓar kuɗi ta taransifa, kamar masu cin Kasuwar Sara da ke Ƙaramar Hukumar Gwaram.

Irin kullen da ya dace

A sashen tsaro na shafin, ka zaɓi WPA3, wanda ya fito a 2018, ko WPA2 na 2004 idan wayoyin gidan sun kwana biyu. Tsohon tsarin WEP an daɗe da karya shi, ana fasa shi cikin 'yan mintuna.

Ka kuma kashe WPS, hanyar haɗa waya ba tare da rubuta kalmar sirri ba. A 2011 masana suka gano cewa za a iya cankar lambobinta takwas cikin gwaji kusan 11,000. Idan akwai zaɓin sarrafa na'urar daga nesa, shi ma a kashe shi.

Baƙo da maƙwabci

Hana ɗan uwa Wi-Fi abu ne mai nauyi a al'adarmu. Sai dai wayoyin Android na yanzu suna bai wa wanda ya hau damar miƙa wa wani ta hoton QR, ko da bai haddace kalmar ba. Mafita ita ce ka buɗe hanyar baƙi idan na'urarka tana da ita, ka ba ta kalmar sirrinta daban, ka riƙa sauyawa.

Idan ka ga alama

Idan data tana saurin ƙarewa, ka duba jerin na'urorin da ke kan rautar. In ka ga baƙuwa, ka toshe ta, ka sauya kalmar sirri. In kuma shafin ya ƙi buɗe maka, ka danna ɗan maɓallin da ke cikin rami a jikinta da tsinke na kimanin daƙiƙa 10. Za ta koma yadda ta fito daga kamfani, sai ka sake saita komai nan take.

Daga ƙarshe, ka riƙa karɓar sabuntawar manhaja da kamfani ke turowa, ka kuma ajiye na'urar a tsakiyar gida, nesa da tagar da ke kallon titi.