Ɗan Riƙo a Dandali

Mu da muka tashi a Sabon Garin Gusau, a tashe muka fara ganin an fito da zancen cikin gida waje, yara suna kwaikwayon Mairama da Daudu. A 2006 wasan rediyon Gugar Goge ya kai zancen har ga auren wuri da yoyon fitsari. Riƙo ne, a ganinmu, ba a ba shi haƙƙinsa ba. Baba ta Karo, wadda tarihinta ya fito a 1954, ba ta haihu ba, 'ya'yan dangi ta riƙa. Ɗan riƙo ya san ubansa, Musulunci ya hana sauya nasaba. Abin da ake ɓoyewa shi ne kewar uwar da kunya ta hana ta ce a dawo mata da ɗanta.