Bambanta toro da macen agwagwa

Toro shi ne namijin agwagwa. Masu kiwo suna bambanta shi da mace ta murya, girman jiki da gashin wutsiya, amma alamar da za a duba ta danganta da irin agwagwar.

Agwagin da suka fito daga Mallard

A irin su Pekin, Khaki Campbell da Indian Runner, mace ce mai kuka da ƙarfi, muryar toro kuwa a dishe take, ƙasa-ƙasa. Ana fara jin bambancin daga mako 6 zuwa 10 bayan ƙyanƙyasa. Idan toro ya balaga, gashi ɗaya ko biyu na saman wutsiyarsa kan lanƙwashe sama, sai dai yakan zube lokacin sauya gashi.

Agwagwar Muscovy

Ita ce aka fi kiwo a gidajen Najeriya, asalinta kuma Meziko da Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Toronta ba shi da lanƙwasasshen gashi, kuma huci yake yi maimakon kuka. Yakan kusan ninka mace nauyi, ƙafafunsa sun fi kauri, jan naman da ke fuskarsa ma ya fi yawa.

'Yan tsaki

Sabbin ƙyanƙyasa kamarsu ɗaya, sai an duba duburarsu. Aikin gwani ne, domin matsawa ba daidai ba na iya raunata su.

Amfani

Akan haɗa toro ɗaya da mata 4 zuwa 6. Idan toraye suka yi yawa, sukan yi faɗa, su kuma ji wa mata rauni wajen barbara.