Takardar Shaidar Matuƙin Jirgin Ruwa da Ma'aunin Makin Baƙi: Waiwaye a kan Tarihi

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi sawun abubuwa biyu da suka taso daban-daban, sa'an nan suka haɗu a kan mutum guda. Na farko shi ne takardar shaidar ƙwarewa ta kyaftin da injiniyan jirgin ruwa. Na biyu kuwa shi ne ma'aunin maki da wasu ƙasashe ke auna baƙon da ke neman zama a cikinsu.

Takardar ita ce babba a shekaru. Tun a 1850 Ingila ta yi dokar da ta tilasta wa kyaftin da mataimakansa cin jarrabawa kafin su fita da jirgin fatauci zuwa ƙasashen waje. A 1869 aka yi wata doka wadda ta buɗe hanyar ɗaukar takardun wasu ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkinta daidai da nata. Amma fa yarda da aikin mutum a teku daban, yarda da zamansa a tudu daban. A 1925 gwamnatin Ingila ta ba da umurni cewa duk ma'aikacin jirgi wanda ba farar fata ba, in ba shi da takardar da ke nuna shi talakan Sarkin Ingila ne, ya yi rajista wurin 'yan sanda a matsayin baƙo. Larabawa da Somaliyawa da mutanen Afirka ta Yamma da ke Kadif da Libaful su ne suka ɗanɗana kuɗarsu, alhali da yawansu a ƙarƙashin tutar Ingila aka haife su.

Shekarar 1967 ta cancanci mu ɗan dakata a kanta. A cikin watan Maris jirgin dakon mai Torrey Canyon, mai tutar Laberiya da ma'aikata 'yan Italiya, ya hau kan duwatsu a kudu maso yammacin Ingila ɗauke da ɗanyen mai wajen ton 120,000. Irin wannan hatsari ya sa duniya ta fara tambaya: wa ya horar da waɗannan matuƙa, wa kuma ya jarraba su? A wannan shekarar ce dai Kanada ta fito da tsarin maki, inda ake duba ilmin baƙo da shekarunsa da harshensa da sana'arsa maimakon asalinsa. Ostireliya ta bi sahu a 1979, Niyu Zilan a 1991, Ingila kuma a 2008.

Ta fuskar teku, an rattaba hannu a Landan a 1978 kan yarjejeniyar horar da ma'aikatan jirgi da ba su takardu, wadda aka sani da STCW, ta fara aiki a 1984. Gyaran da aka yi mata a 1995 ya tsara yadda wata ƙasa za ta amince da takardar wata, watau ta binciki ingancin horon, ta ƙulla yarjejeniya da ƙasar da ta bayar, sa'an nan ta buga nata hatimi. To, a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Wannan hatimi izinin aiki ne a jirgin da ke ɗauke da tutar ƙasar, bai taɓa zama izinin sauka da iyali ba.

Bari mu ɗauki Ostireliya misali. Can hukumar kiyaye lafiyar sufurin teku, AMSA, ita ke tantance kyaftin da injiniya da hafsan jirgi kafin ma'aikatar shige da fice ta ƙirga makinsu. A ma'aunin da aka fito da shi a 2011, digirin dakta na da maki 20, digirin farko 15, difloma ko wata shaidar sana'a da hukumar tantancewa ta yarda da ita kuwa 10. Mai shekara 25 zuwa 32 na samun 30, mai 40 zuwa 44 kuma 15. A 2017 aka rufe ƙofa ga wanda ya cika 45, a 2018 kuma mafi ƙarancin maki ya koma 65.

A ganinmu, mu da muke aikin koyarwa, wannan ma'auni ɗan makaranta aka auna aka ɗinka wa. Ilmin matuƙi kuwa ba a aji kaɗai ake tara shi ba. Da watannin da ya yi a teku ake lissafa shi, daga ɗalibi zuwa ƙaramin hafsa, zuwa babban mataimaki, kowane mataki da jarrabawarsa. Kafin a danƙa masa jirgi sau da yawa ya doshi arba'in, watau makin shekarunsa na zubewa daidai lokacin da gwanintarsa ta nuna. Makin ƙwarewar aiki a ƙasashen waje ma ba ya wuce 15, kuma shekara goma na baya kaɗai ake dubawa. Saboda haka kyaftin mai shekara 42 wanda ba shi da digiri kan tashi da maki 40 daga waɗannan fannoni uku, yayin da mai digiri ɗan shekara 28 da ya yi aikin shekara uku kan tashi da 50.