Daɓen Rumawa da Shaidar Ƙasa

Masu iya magana na cewa kama da wane ba ta wane. Wannan karin magana ta dace da wata muhawara da ta daɗe tana gudana tsakanin masana tarihin daular Rum, wato muhawara a kan daɓen nan mai zane da ake tonowa a kangayen gidajen attajiran Rumawa, wanda Turawa ke kira mozayik. Shi wannan daɓe ba da fenti ake zana shi ba. Ana farfasa duwatsu masu launi iri-iri ne, wani lokaci har da gilashi da kasko, a mayar da su 'yan ƙanana kamar ƙwayar masara, sannan a jera su ɗaya bayan ɗaya a kan kwaɓin farar ƙasa har su fitar da surar mutum ko dabba ko fagen fama. To, idan aka nuna mana irin wannan daɓe aka ce ya shekara 1,800, da me za mu gaskata?

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, dutse ba ya faɗin ranar da aka sassaƙa shi. Awon kabon da masana ke gane shekarun abu da shi yana aiki ne a kan abin da ya taɓa rayuwa, kamar ƙashi da itace da gawayi. Saboda haka ba daɓen ake tambaya ba, ƙasar da yake kwance a kai ake tambaya. Idan aka sami kwabon wani sarki a ƙarƙashinsa, an san ba a yi daɓen kafin zamanin sarkin ba. Idan kuma wani abu sananne ne ya binne shi, an san an yi shi kafin wannan rana. Alal misali, babu mai jayayya cewa daɓen yaƙin Iskandar Mai Girma da sarkin Farisa, wanda aka gano a birnin Pompeii na Italiya a 1831, ya girmi shekara ta 79 Miladiyya, domin a shekarar ce dutsen Vesuvius ya yi aman wuta ya rufe birnin baki ɗaya.

Wani lokaci shaidar ƙasa takan rushe abin da aka daɗe ana karantarwa. An daɗe ana cewa da mulkin Rumawa ya ƙare a Birtaniya wajajen shekara ta 410, sai sana'ar daɓe ta mutu tare da shi. Amma a 2020 aka ba da sanarwar cewa gawayi da ƙashin da aka samo a harsashin wata katanga, a tsohon gidan Rumawa na Chedworth da ke Ingila, sun nuna ba a gina katangar kafin shekara ta 424 ba. Tun da kuwa daɓen ɗakin ya bi layin katangar ne, ke nan shi ma bayan tafiyar Rumawa aka yi shi.

Inda babu irin wannan shaida, sai masana su koma ga salon zane, a nan kuwa baki yakan rabu. A 1913 Turawan Italiya suka tono wani daɓe kusa da garin Zilitan a gaɓar tekun Libiya, mai nuna 'yan dambe da takobi da kuma fursunoni da ake jefa wa namun daji. Salvatore Aurigemma, wanda ya yi aikin tonon, ya ce na ƙarshen ƙarni na 1 ne, har ya danganta fursunonin da mutanen Garamanta na Fezzan da Rumawa suka yaƙa wajajen shekara ta 70. Wasu masana suka ce na ƙarni na 2 ne, wasu suka kai shi na 3. Wannan saɓani ne na shekaru kawai. Babu wanda ya ce jabu ne, domin an san ramin da ya fito.

Babbar matsala tana ga daɓen da ya fito daga kasuwa. A 1965 Jami'ar Bowling Green ta Amurka ta sayi guntaye 12 daga hannun dillali, aka yi kusan shekara 50 ana ɗauka daga Antakiya suka fito. Sai a 2012 bincike ya nuna ɓarayi ne suka ɓamɓaro su daga kangon birnin Zeugma na Turkiyya, aka mayar da su a 2018. Su dai na gaske ne, asalinsu ne aka ɓoye.

Na Labanan ya fi wannan ɗaure kai. A 2023 ofishin mai gabatar da ƙara na Manhattan, a birnin Niyok, ya mayar wa ƙasar wasu kayan tarihi da ya ce sato su aka yi, ciki har da allunan daɓe guda 9. Ba a jima ba sai Djamila Fellague, malama a Jami'ar Grenoble ta Faransa, ta ce 8 daga ciki aikin zamani ne. Hujjarta ita ce, an kwaikwayo su ne daga sanannun daɓe na wasu ƙasashe: ɗaya daga gidan Casale na tsibirin Sisili, wani kuma daga daɓen Kusantina ta Aljeriya da ke ajiye a gidan tarihi na Louvre a Faris tun ƙarni na 19. Ofishin ya musanta zargin. Abin lura a nan shi ne, da a ce masana ne suka tono su suka rubuta abin da ke ƙarƙashinsu, da gardamar ba ta taso ba.

Kada mu ɗauka yin jabun yana da wuya. Duwatsun na nan a tsaunuka, masu sana'ar na nan a ƙasashen bakin Bahar Rum, hotunan na asali kuma suna cikin littattafai. Muddin akwai mai kuɗin da zai saya bai tambayi asali ba, to za a sami mai ƙerawa.

Darasin da za mu ɗauka shi ne, ba kowane shakku ne abin zargi ba, ba kuma kowane ne abin kamawa ba. Mai cewa duk daɓen Rumawa ƙarya ne don ya ga launinsa bai dushe ba, ya manta cewa launin na dutse ne, ƙasa kuma ta kare shi daga rana da ruwa. Mai gaskata duk abin da aka liƙa wa takarda a gidan tarihi shi ma ya yi sake. Tambayoyin da ya kamata mu koya wa ɗalibanmu uku ne: ina aka samo shi, wa ya tono shi, me aka tarar a ƙarƙashinsa? Ɓarawon da ya ɓamɓare daɓe da dare ba dutse kaɗai ya sata ba, ya kashe shaidar da za ta faɗi shekarunsa, wadda kuwa ba a sake samunta ko da an dawo da kayan. Allah ya sa mu dace.